Ɗan Allon Ƙarfen Da Ke Faɗin Asalin Mota

A zamanin da, idan baƙo ya sauka a gari, dattawa ba su cika bukatar tambayarsa inda ya fito ba. Su dubi kuncinsa kawai, su karanta askar da wanzami ya yi masa tun yana jariri, su ce wannan Bagobiri ne, wancan kuwa Babarbare ne. Mutum yana iya sake riga, ya sake harshe, har ma ya sake suna, amma tsagar gado tana nan inda aka yi ta. To, ashe motoci ma suna da irin tasu askar, kuma a ƙasar Amurka akwai mutanen da suka mai da karanta ta sana'a, domin kuwa a kan ɗan rubutun da bai cika tafin hannu ba wani yake samun dukiya, wani kuma ya yi asarar da ba zai manta da ita ba.

Wannan aska ta mota wani ɗan allo ne na alminiyam, wanda aka buga wa haruffa da lambobi masu tudu, yadda ko fenti ya rufe su yatsa zai iya bi ya ji su. A motocin kamfanin General Motors na shekarun 1960, sai an ɗaga murfin inji ake ganinsa, yana manne a jikin bangon ƙarfen nan da ya raba ɗakin inji da mazaunin direba. An dasa shi ne da ƙusoshi biyu irin waɗanda ake daddale wa kai, ba a kwance su da sukudireba. Wanda bai sani ba zai ɗauka tarkacen lambobi ne kurum. Wanda ya sani kuwa, cikin minti guda zai faɗi shekarar motar, da garin da aka ƙera ta, da watan, har da makon, kana ya faɗi launin fentin da ta fito da shi da irin kujerunta, wani lokaci ma har da irin injin da ya kamata a tarar a cikinta.

Allon na wani kamfani ne mai suna Fisher Body, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Fred da Charles Fisher, suka kafa a birnin Detroit cikin 1908. Ƙirar keken doki suka gada wurin mahaifinsu, shi ya sa tambarin kamfanin ya zama hoton keken doki irin na sarakunan Turai. General Motors ya sayi kashi 60 cikin 100 na kamfanin a 1919, ya ƙarasa sayen sauran a 1926. Duk da haka Fisher ya ci gaba da zama tamkar gida a cikin gida, da nasa shugabannin da nasa ma'aikatan, yana ƙera wa Chevrolet da Pontiac da Buick da sauran 'yan'uwansu bodi, har zuwa 1984 lokacin da aka rushe wannan tsari.

A masana'antar garin Norwood ta jihar Ohio, inda aka ƙera akasarin motocin Chevrolet Camaro na farko, wurin ɗaya ne amma aikin ya kasu biyu. Mutanen Fisher su ke haɗa bodi tun daga bangon inji har zuwa baya, su fesa fenti, su sa gilasai da kujeru. Sa'an nan a tura bodin zuwa ɓangaren Chevrolet, inda za a ɗora masa inji da giya da ƙafafu da goshi. Tun bodin yana ƙarfe tsirara ake dasa masa allon, don duk ma'aikacin da ya iso gabansa ya duba ya san fentin da zai fesa, da kujerun da zai ɗauko, da wuraren da zai huda.

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki gab da salla ya san 'yar takardar da tela ke maƙalawa a jikin yadi, mai ɗauke da awo da irin aikin wuyan da aka zaɓa. Tela bai rubuta ta don tarihi ba, bai kuma rubuta ta don ya burge kowa ba, ya rubuta ne don yaran shago kada su rikita kayan mutane. Haka allon Fisher yake. Saƙo ne daga ofis zuwa ga ma'aikaci, a ranar da babu wanda yake da wata riba in ya yi ƙarya. Daga nan darajarsa ta taso, domin shaidar da aka ajiye tun kafin a san za a yi shari'a ta fi wadda aka nemo bayan an shiga kotu.

YADDA LAMBA TA ZAMA KUƊI

Mai karatu zai so ya san abin da ya sa ake wannan bin diddigi a kan tsohuwar mota. Daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, lokacin da man fetur yake da araha a Amurka, kamfanonin motoci sun shiga gasar ɗora manyan injuna a kan matsakaitan motoci don su jawo hankalin samari. Pontiac GTO da Ford Mustang sun fito a 1964, Camaro kuwa ta shiga kasuwa a watan Satumba na 1966. Al'adar cinikin ita ce a miƙa wa mai saye dogon jerin abubuwa ya zaɓa, tun daga girman inji da irin giya har zuwa launin kujera. Saboda haka motoci biyu suna iya fitowa rana ɗaya da siffa ɗaya, alhali kuwa ɗaya ta zuwa cefane ce, ɗayar kuma ta filin tsere.

Wannan yayi bai daɗe ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi a kan irin waɗannan motoci, dokar rage hayaƙi ta 1970 ta tilasta a rage wa injuna ƙarfi, sa'an nan a watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai. Motar da jiya ake rububinta ta koma kaya, aka yi ta sayarwa da arha, wasu aka jibge su a rumbunan gona kaji suna kwana a kai. Da shekaru suka ja, samarin da suka yi sha'awarsu ba su da halin saye suka girma suka yi kuɗi, suka dawo neman abin da ya wuce su. Farashi ya yi ta hawa, kuma abin da ake biya wa kuɗin shi ne yadda motar ta fito daga masana'anta.

Misali mafi girma yana wajen kamfanin Chrysler, wanda ya yi motocin Dodge da Plymouth. Shi nasa allon a gefen ɗakin inji yake, a saman tayar gaba ta ɓangaren direba, kuma daga layin ƙasa ake fara karanta shi a yi sama. A motocin 1970 da 1971, idan layin ƙasa ya fara da E74, to, an ƙera motar ne da babban injin nan da ake kira Hemi, mai faɗin ciki inci 426, watau kimanin lita 7. D21 na nufin giyar hannu mai hawa huɗu, BS27 kuwa Plymouth 'Cuda ce mai rufin da ake naɗewa. Irin wannan mota mai haɗe da Hemi da rufin naɗewa, waɗanda aka yi a 1971 ba su wuce 12 ba. A watan Yuni na 2014 an yi gwanjon ɗaya daga cikinsu a birnin Seattle a kan dala miliyan 3.5. 'Yar'uwarta mai siffa iri ɗaya da ƙaramin inji ba ta ko kusa da wannan kuɗi.

A wajen Camaro kuwa, sunan da ke tayar da hankalin masu saye shi ne Z28. An yi ta ne don wata gasar tsere da ake kira Trans-Am, wadda dokarta ta hana inji ya wuce inci 305, sai Chevrolet ya haɗa wani inji mai silinda takwas na inci 302 musamman dominta. A 1967 guda 602 kacal aka yi. A 1969 an yi 20,302 daga cikin Camaro 243,085 na wannan shekara. A ido, abin da ya bambanta ta shi ne faffaɗan zane biyu a kan murfin inji da na but, da ɗan tambari a gefe da goshi. Zane kuwa kowane mai fenti yana iya yinsa, tambari kuma ana sayar da shi a kanti. Shi ya sa masu sha'awar motar suke ba'a cewa Z28 da ke yawo yanzu sun fi waɗanda kamfani ya ƙera yawa.

MOTAR BABA

Akwai wani magidanci a jihar Ohio, ma'aikacin gidan waya, wanda ya tashi ya tarar da irin wannan mota a garejin gidansu. Camaro ce ta 1969, ruwan lemo, da fararen zane biyu da tambarin Z28. Mahaifinsa ya saye ta ne a hannun wani can a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ba a damu da su ba. Duk bazara tsohon yakan fito da ita ya wanke, ya goge, ya zagaya unguwa da 'ya'yansa, daga baya da jikokinsa. Kowa a dangi ya san ta da sunan Z28 ɗin Baba, kuma tsohon yakan ce ita ce ajiyar da zai bar wa uwarsu.

Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru, jinya ta kama tsohuwar, kuɗin asibiti kuwa a Amurka ba abin wasa ba ne. Iyali suka zauna suka yanke shawarar a sayar da motar. Dillalin farko da ɗan ya tuntuɓa bai tambayi lafiyar inji ba, bai tambayi mil nawa ta yi ba, cewa ya yi a fara aiko masa da hoton allon Fisher. Mutumin nan ya shekara fiye da arba'in yana ɗaga murfin injin nan, amma bai taɓa lura da allon ba. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya nemi wani dattijo daga ƙungiyar masu sha'awar Camaro ta yankinsu, ya roƙe shi ya zo ya karanta masa.

Dattijon ya zo da 'yar tocila da tsumma. Ya goge ƙurar allon a hankali, ya hana a kankare shi da wani ƙarfe, sa'an nan ya fara daga layin sama. Haruffan ST suna nuna siffar mota, 69 da ke biye ita ce shekara, 12437 kuwa lambar Camaro ce mai rufin ƙarfe, da mai rufin naɗewa ce da an ga 12467. Daga nan sai NOR, watau Norwood. Da a ɗaya masana'antar aka yi ta, ta Van Nuys a jihar Kalifoniya, da VN za a gani a motar 1969, ko LOS a ta 1967 da 1968. Layin ya ƙare da lambar bodi da haruffan BDY.

A layi na biyu ya karanta TR 711, ya ce baƙaƙen kujeru ne na gama-gari. Suka leƙa ciki, baƙaƙen ne kuwa. Sai 72 72 da haruffan PNT, watau fenti. Lambar farko ta jikin mota ce, ta biyu ta rufinta, 72 kuma ita ce ruwan lemon da kamfanin ya raɗa wa suna Hugger Orange. Da 50 aka rubuta, to, fara aka haife ta, da 10 ce baƙa. Nan ma allo da mota bakinsu ya zo ɗaya. A layin ƙarshe ya nuna masa 03B, ya bayyana cewa lambobi biyun wata ne, harafin kuma mako, watau mako na biyu na watan Maris. Har zuwa nan magidancin murmushi yake yi, domin duk abin da aka karanta ya gaskata mahaifinsa.

Saura rubutu ɗaya a kusurwa. Daga tsakiyar watan Disamba na 1968, masana'antar Norwood ta fara ƙara wata lamba mai farawa da harafin X, don masu fenti da masu huda su san irin adon da kowane bodi yake bukata. X33 da X77 su ne na Z28, ta farko mai ƙarin adon ƙarfe mai walƙiya, ta biyu marar shi. X22 da X66 na samfurin SS ne mai babban injin 396, X55 na SS mai injin 350, X11 kuwa tana nuna ƙarin ado, ana kuma samunta a wasu SS ɗin. X44 ita ce ta motar gama-gari wadda ba a yi wa kowane ƙari ba. Dattijon ya daɗe yana haska wurin kafin ya matsa gefe ya ce wa magidancin ya duba da kansa. X44 ce.

Amma dattijon bai bari an yanke hukunci nan take ba, ya ce allo yana da iyakar abin da ya sani. Fisher bodi ya ƙera, saboda haka abin da ya shafi bodi kaɗai ya rubuta. Motar Van Nuys ba ta da lambar X ko kaɗan, haka ma ta Norwood da aka yi kafin tsakiyar Disamba, irin waɗannan allonsu ba ya gaskata mai cewa Z28 ce, ba ya kuma ƙaryata shi. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne, Camaro mafi tsada ta wannan shekara da allon talaka ta fito. Wasu dillalai, irin su Fred Gibb na jihar Illinois da Don Yenko na Pennsylvania, sun bi ta wata hanyar oda ta musamman da ake kira COPO, suka sa aka ɗora wa Camaro injin 427 wanda ba ya cikin jerin da ake nuna wa jama'a. Masu injin alminiyam da ake kira ZL1 guda 69 kawai aka yi. Da yake bodinsu bai bukaci wani ado ba, X44 ko X11 aka buga musu.

Saboda haka suka nemi shaida ta biyu. A gaban inji, ɓangaren fasinja, akwai wani ɗan fili da aka goge, inda ake buga ranar haɗa injin da haruffan da ke nuna irinsa, galibi tare da wutsiyar lambar shasin motar da aka ɗora shi a kai. Injin Z28 na 1969 da haruffan DZ yake ƙarewa. Suka wanke baƙin mai, suka haska. Babu DZ, babu kuma alamar 427. Injin gama-gari ne na inci 307, amma wutsiyar lambarsa ta yi daidai da lambar shasin da ake hangowa ta gilashin gaba. Watau motar Baba ba Z28 ba ce, ba ta kuma taɓa zama ba, sai dai injin da aka haife ta da shi yana nan a cikinta bayan shekaru fiye da hamsin.

RAMIN ƘARYA

Ba a yi mako guda ba wani dillali ya kawo masa shawara a asirce. Ya ce akwai masu buga sabon allo da duk lambar da aka ga dama, akwai masu sayar da ƙusoshi irin na kamfani, akwai kuma masu goge lambar inji su buga wata. In aka mai da 44 ta koma 77, kuɗin motar zai ninka, jinyar tsohuwa ta samu. Ya ƙara da cewa ai ba lambar shasi za a taɓa ba, wadda dokar tarayya ta haramta taɓawa, ɗan allon ado ne kawai.

Wannan ita ce cutar da ta shiga sana'ar tun ranar da allo ya zama kuɗi. Da can ba wanda yake da dalilin yi masa ƙarya, yanzu kuwa dalilin ya samu. Sai dai masu karatun ma ba su zauna ba. Sun tattara hotunan dubban alluna na gaskiya, sun san siffar kowane harafi na injin buga lamba na kowace masana'anta, sun san yadda kan ƙusar asali yake da yadda fentin kamfani ya kwanta a gefenta. Bugu da ƙari, kusan kowane sashe na motar yana ɗauke da ranar da aka yi shi, tun daga gangar inji da giya har zuwa gilashin taga. Dole ne waɗannan ranaku su riga ranar haɗa motar da ɗan lokaci kaɗan. In aka ga injin da aka zuba a watan Mayu cikin bodin watan Maris, to, ɗa ya riga ubansa haihuwa. Har ila yau, kowace Z28 ta 1969 da giyar hannu mai hawa huɗu ta fito, da birki mai faifai a gaba, kuma waɗannan suna barin alamu a jikin ƙarfe. Mai son ya yi ƙarya ɗaya sai ya tanadi ashirin da za su tallafe ta.

Akwai kuma shaidar takarda. Ma'aikata sukan cusa takardar odar mota a cikin wayoyin kujera, ko ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa, ko a saman tankin mai, don kawai su rabu da ita, yau kuwa wanda ya tsinci tasa kamar ya tsinci zinariya ne. Masu motocin Ford sun fi kowa sa'a, domin kamfanin ya adana bayanan motocinsa tun daga na 1967, ya kuma ba wani mutum mai suna Kevin Marti izinin fitar wa jama'a da su. Masu Pontiac ma suna iya samun kwafin takardar cinikin motarsu ta asali. Amma Camaro ta waɗannan shekaru ba ta da irin wannan rumbu da za a koma gare shi, in ban da waɗanda aka sayar a Kanada. Shi ya sa nauyin da ke kan ɗan allonta ya fi na saura, shi ya sa kuma maƙaryata suka fi yi masa dafifi.

Magidancin bai ba dillalin amsa ba sai da ya je wurin mahaifiyarsa. Abin da ya fi damunsa ma ba kuɗin ba ne. So yake ya san ko mahaifinsa ya sani. Shin cutarsa aka yi tun ranar da ya saya, ya rayu yana alfahari da abin da ba shi ne ba, ko kuwa shi da kansa ya sayo tambarin ya manna, wasa ya zama gaskiya a bakin yara har ya kasa warwarewa? Tsohuwar ta ce ita dai da zanenta ta fara ganin motar, iyakar abin da za ta iya shaida ke nan. Allon ma ba shi da ta cewa a nan. Ya faɗi abin da ya faru a mako na biyu na watan Maris 1969, duk abin da ya biyo baya kuwa ba a gabansa aka yi ba.

Game da shawarar dillali, tsohuwar ba ta ja magana ba. Ta ce wanda zai saya shi ma ɗan wani ne, wataƙila shi ma tara kuɗin ya yi shekara da shekaru, kuma ba ta son a yi mata magani da kuɗin da za a bar wa wani gida irin wannan baƙin ciki. Ɗan ya cire tambarin Z28 ya ajiye a akwatin kayan aikin mahaifinsa, ya sa tallar motar tare da hoton allon ƙuru-ƙuru, ya rubuta cewa X44 ce mai injinta na asali. An saye ta a kan kuɗin da ya gaza abin da suka sa rai nesa ba kusa ba, bai kuma isa jinyar duka ba, sai da 'ya'yan suka yi karo-karo suka cike.

Masana'antar Norwood an rufe ta a 1987, ta Van Nuys a 1992, yawancin waɗanda suka buga allunan nan kuma sun riga mu gidan gaskiya. Tun daga motocin 1981 Amurka ta tilasta lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda duk mai sayen motar tokumbo a ƙasar nan ya san ta. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin mota yana gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke cikin takardu, don gudun cinikin biri a sama, aikin dattijon nan mai tocila yake yi, ko da bai taɓa jin sunan Fisher ba.

Akwai ma wata alaƙa da ta fi wannan. Tashin farashin man da ya jefa motocin Amurka cikin rumbunan gona a 1973, shi ne ya cika baitulmalin Nijeriya. A 1975, shekarar da ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji, masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta Volkswagen ta Legas suka fara fitar da motoci. Peugeot 504 ta zama motar gwamnati, ta zama motar haya, ta kai amare ta kai marasa lafiya, aka kuma ci gaba da haɗa ta a Kaduna har bayan shekarar 2000. Kowace ɗaya ta fito da nata allon kamfani da nata lambobin. Yau 'yan gwangwan suna saye suna sarewa a kan kilo, waɗanda suka rage kuma an sake musu inji an sake fenti ba tare da an rubuta komai ba. Amurkawa ma haka suka yi da nasu kafin su farga.

Saboda haka wanda yake da irin wannan mota a gida, ta mahaifi ko ta kaka, in ya kai ta wurin mai gyaran bodi ya gargaɗe shi kada ya ɓamɓare allon, kada kuma ya kankare shi. In an sake inji, a rubuta lambar tsohon da ranar da aka cire shi. Takardar saye da tsofaffin lasisi a haɗa su wuri ɗaya a adana. Wata rana jikoki za su so su san asalin abin da aka bar musu, kuma a ranar babu mai ba su amsa sai abin da aka ajiye tun ba a san za a tambaya ba.